Durƙusa wa yaro ba gajiyawa ba ne: inda ya kamata waya ta tsaya in za a ɗauki ƙananan yara hoto

Washegarin sallar layya ta bara ƙanwata ta aiko a kira ni, na iske ta ranta a ɓace. Ta ɗauki ɗanta hoto cikin sabon ɗinkin shadda, ta aika wa maigidanta da ke ci-rani a Abijan, ta zauna jiran yabo. Sai ga saƙon murya ya shigo: "Lahiya dai? Mi ya samu yaron ga? Kai ƙato, ƙahwahu awa tsinken tsire. In bai da lahiya ku hwaɗa min gaskiya." Yaron kuwa ga shi nan gabanmu ɓul-ɓul, shekararsa biyu, yana fama da ƙashin haƙarƙari. Na karɓi wayar na duba, sai na ga mutumin bai yi sharri ba. Hula da goshi sun cinye kusan rabin yaron, wuya babu, ƙafafu sun tsuke can ƙasa kamar na ɗan tsako. A kewayensa kuma ba abin da ake gani sai ƙasar tsakar gida, da buta, da wani silifa da ya rabu da ɗan'uwansa.

Na tambaye ta yaya ta ɗauka. Ta ce yadda kowa ke ɗauka mana: ta miƙe tsaye, ta matso kusa da shi, ta karkata wayar ƙasa, ta danna. To a nan gizo ke saƙa. Mu nan Tawa da sauran ƙasar Adar a Nijar, da wuya ka shiga gida ba ka iske wani nasu yana bakin teku ko Libiya ko Najeriya ba, kuma ta WhatsApp uba ke ganin girman ɗansa. Hoton da ya murɗe surar yaro yana iya hana mutum barci a can.

Abin lissafi ne, kuma mai sauƙi. Kamara ba ta san kai ba, ba ta san ƙafa ba. Abu ɗaya ta sani: wanda ya fi kusa da idonta shi zai fi girma. Yaro ɗan shekara biyu tsayinsa wajen santimita 85 ne. Babba in ya miƙe yana riƙe waya a wajen santimita 150 daga ƙasa. A ce tsakaninsu mita ɗaya. Daga idon kamara zuwa kan yaron kusan santimita 120 ke nan, zuwa ƙafafunsa kuwa 180. Wato ƙafafun sun fi kan nisa da rabi sukutum, saboda haka sai su motse shi kuma kan ya kumbura. Ga shi kuma dama can halittar yaro mai babban kai ce: kan jariri kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na tsawon jikinsa, alhali na babban mutum bai wuce ɗaya cikin bakwai ko takwas ba. Ka ga an ƙara wa Barno dawaki.

Yanzu a canza abu ɗaya. Mai hoto ya ja baya zuwa mita uku, yana tsaye yadda yake. Kan yaron ya koma wajen santimita 307, ƙafafu 335, bambancin bai kai kashi goma cikin ɗari ba. An rage ɓarna sosai tun ba a durƙusa ba. In kuma ya sauko da wayar daidai cibiyar yaron, santimita 45 daga ƙasa, a nisan mita biyu, kai da ƙafa sun zama nisa ɗaya, yaro ya fito yadda Allah ya yi shi. Duk sauran abin da zan faɗa rassan waɗannan abubuwa biyu ne: tsayin da wayar take, da nisan da ke tsakaninta da yaro.

Sau da yawa za ka ji an ce a sauko daidai idon yaro. Maganar gaskiya ce, amma rabinta aka faɗa. In fuska ake so, daga ƙirji zuwa sama, to idon kamara ya tsaya daidai idonsa. In kuwa duk jiki ake so, daga hula zuwa takalmi, kamar hoton kayan salla, sai a ƙara saukowa zuwa ƙirji ko cibiya, domin tsakiyar abin da ake ɗauka ita ce ma'auni. Kuma wayar ta tsaya cak, kada ta rusuna gaba ko ta kwanta baya. Mutane da yawa suna tsugunnawa amma hannu ya riga ya saba, sai ka ga har yanzu wayar tana kallon ƙasa. Alamar da za ka gane ita ce dogaran ƙofa ko kusurwar gini da ke bayan yaron: in sun karkace kamar za su haɗu, wayar ba a miƙe take ba. Kusan kowace waya tana da wasu layuka huɗu da ake kunnawa cikin saitin kamara, su raba fuskar wayar gida tara kamar ramukan dara. A kunna su a bar su. Da su ake daidaita gini, kuma in aka ɗora idanun yaro bisa layin sama, ba a barin wani uban fili banza bisa kansa.

Saukowa tana gyara wani abu da ba a cika lura da shi ba, wato bayan hoto. Wanda ya ɗauka daga sama, ƙasa ce bangonsa, kuma ƙasar gidan da ke da yara kowa ya san abin da ke cikinta: leda, kwanon da aka ci tuwo, ruwan wanke-wanke, kashin kaji. Da an sauko, ƙasa ta koma ɗan siririn layi, bayan yaron ya zama katanga, ko danni, ko ƙofar zaure, ko sararin sama. Sai dai kuma sabon aiki ya taso, don yanzu duk abin da ke tsaye a baya zai fito: igiyar shanya ta ratsa ta kunnuwansa, turken rago ya tsiro daga tsakar kansa. Maganin wannan taku ɗaya ne zuwa dama ko hagu. A kuma janye yaron daga jikin bango kamar taku uku ko huɗu. Mun saba da manna yara da katanga kamar masu laifi, inuwarsu ta zauna baƙa ƙirin a bayansu.

Wayar ma tana da nata hali da ya kamata a sani. Babbar kamarar yawancin wayoyi mai faɗin gani ce, abin da masu sana'ar ke aunawa da milimita 24 zuwa 28 (ƙanƙantar lambar, faɗin ganin). An yi ta ne don ta kwashe ɗaki ko taron biki gaba ɗaya. Shi ya sa in kana son fuskar yaro ta cika hoton sai ta tilasta maka matsowa har kusa da hancinsa, kuma mun riga mun ga abin da kusanci ke yi: hanci da goshi su yi gaba, kunnuwa su gudu baya. Masu ɗaukar fuska da manyan kamarori sun fi son milimita 50 zuwa 85, don su tsaya nesa su kuma cika hoton. A waya, abin da ya fi kusa da haka shi ne a ja baya a danna 2x, maɓallin da ke jawo hoto kusa ninki biyu. Gaskiya ne a ƙananan wayoyi wannan 2x ɗin yanko tsakiyar hoton kawai yake yi, kuma wasu daga cikin idanun nan uku da ke bayan waya kusan ado ne. Amma in da haske isasshe ba a ganin asarar, balle ma WhatsApp zai matse hoton ko ta yaya, sai dai matsewar tana raguwa in an danna HD, wanda suka ƙaro a 2023. Wanda za a guje wa shi ne 0.5x, mai ƙara faɗin gani. Yana da daɗi wajen ɗaukar kasuwar Lahadi ko filin idi, amma duk yaron da ya faɗa gefen hoton kansa zai miƙe kamar gwanda. Ko da 1x ne, in an jera yara ranar salla, kada a bari na gefe su kai baki. A ja baya, a bar fili dama da hagu, daga baya a yanke.

To in abin da sauƙi haka, me ya sa ba a yi? A ganina ba jahilcin kamara ne ya fi yawa ba, girma ne. A tarbiyyarmu yaro ke durƙusa wa babba, kuma ba ya kallon tsabar idonsa. Hoto mai kyau kuwa yana neman a juya duka biyun: babba ya sauko ƙasa, yaro ya dube shi ido cikin ido. Na taɓa ce wa wan babana ya ɗan tsugunna in zai ɗauki jikansa, ya dube ni sama da ƙasa ya ce: "Kai ɗana, ni da babbar riga in durƙusa wa wanga ɓarawo da ke son ƙwace min mata? Allah ya kiyaye." Na ce, "Baba Alhaji, ai ku kuka ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne." Ya ce wannan wadan ba ya cikin lissafi. Aka yi dariya, amma bai tsugunna ba. Abin da ya yi shi ne ya sa aka shimfiɗa masa tabarma ya zauna, kamar yadda yake zama kullum bayan la'asar, ya kira yaron. Kuma shi ke nan an gama, don mutumin da ya zauna bisa tabarma idonsa yana wajen tsayin idon ɗan shekara biyu ko uku.

Tun daga ranar na lura da wani abu: a gidajenmu wurin da ya fi dacewa da kamara shi ne inda kaka take zama. Tana bisa tabarma ko ƴar kujerar tsugunno, yara suna zuwa mata da ƙafarsu, suna kallon fuskarta kai tsaye, suna tsokanarta tana ce wa namijin angona, macen kishiyata. Wanda ya zauna gefenta da waya a hannu ya yi shiru, cikin minti goma zai samu abin da mai tsaye yana tsawa ba zai samu ba a wuni. Wanda kuma gwiwa ta hana shi zama, ko mace mai tsohon ciki, akwai dabara. Idon kamara yana can saman waya. A juya wayar kai ƙasa, a saki hannu ya sauka daidai gwiwa, a danna da maɓallin ƙara sauti. Wayar da kanta take miƙe hoton, in ma ba ta yi ba juyawa ɗaya ce. Da wannan juyin ana iya kai idon kamara har kusan taɓa ƙasa, wanda shi ake bukata ga mai rarrafe.

Masu hoton dā ba su sha wannan wahalar ba, don wasu kamarorinsu daidai cikin mutum ake riƙe su. Akwai wata mai ido biyu da ake kira Rolleiflex, wadda aka fara yi a Jamus a 1929. Ana rataya ta a wuya, ta sauko wajen cibiya, mai ɗauka ya sunkuyar da kai ya leƙa ta sama. Kamarar da kanta tana tsayin yaro, kuma fuskar mai ɗauka ba ta ɓuya a bayanta ba. Vivian Maier, wata mai renon yara a Shikago ta Amurka, wadda sai a 2007 aka gano dubban hotunanta, da irin wannan ta yi yawancin aikinta, kuma wanda ya ga yaran da ta ɗauka zai ga suna kallonsa ne gaba da gaba. Manyan kamarorin yau masu allon da ake lanƙwasawa sama, tsohuwar dabarar nan suka dawo da ita.

Akwai kuskure ɗaya da ke ɓata komai ko an sauko, kuma shi na fi gani a wurin biki. Mai hoto ya tsugunna daidai, amma uwa ko yaya tana tsaye a gefe tana kaɗa makulli tana cewa "kalli nan, kalli nan". Yaro zai kalli inda mutum nasa yake, wato sama kuma gefe, sai a samu haɓa a ɗage da farin ido. Mai sa dariyar ita ma ta sauko, ta zauna daf da bayan mai hoto, fuskarta kusa da wayar. Mutum ɗaya ya isa. In mutum huɗu suna kira daga kusurwa huɗu, yaro ya rikice, ƙarshenta kuka. Shi kuma mai ɗauka kada ya rufe fuskarsa da waya. Ya riƙe ta wajen haɓa, ya riƙa kallon yaron ta samanta yana masa magana. Wannan ya fi muhimmanci daga wajen wata bakwai ko takwas, lokacin da ƙiwuya ke farawa. Baƙon da ya tsaya bisa kan irin wannan yaro da wani baƙin abu a fuska, dodo ne. Ni dai ban cika cewa yaro ya yi dariya ba, don abin da ake samu yaƙe ne. Gara in tambaye shi wa ya fi gudu, shi ko ragon gidansu.

Duk da haka ba a ce ɗauka daga sama haramun ba ce. Abin da ke ɓata hoto shi ne rabi da rabi, wato karkatar nan ta mai tsaye kusa. In aka tafi sama gaba ɗaya, wayar ta kwanta shamɓal bisa yaron da ke kwance, kai da ƙafa sun sake zama nisa ɗaya, ba abin da ya murɗe. Haka ake ɗaukar jariri ranar suna, tun da ba ya iya riƙe wuya sai wajen wata uku ko huɗu, zama kuwa sai wajen wata shida. A shimfiɗa zane marar hayaniyar ado kusa da ƙofar ɗaki, a kwantar da shi kansa wajen da haske ke shigowa, don hasken ya gangaro daga goshi zuwa haɓa. In aka juya shi, haske ya taso daga ƙafa, fuskar takan yi kama da ta wanda aka haska da tocila cikin dare. Mai ɗauka ya tsaya daidai fuskar ko ɗan gaba wajen goshi, kada ya tsaya wajen ƙafafu, in ba haka ba ƙofofin hanci kawai zai samo. Kuma a riƙe wayar da hannu biyu, da gaske nake, waya ta suɓuce ta faɗa bisa fuskar ɗan kwana bakwai ba abin wasa ba ne. Kada kuma a wahalar da shi wai sai ya yi murmushi. Murmushin da jariri ke mayar wa mutum yana farawa ne wajen sati shida zuwa takwas, wato bayan an yi arba'in. Wani wurin da sama ke aiki shi ne in yara sun kewaye kwano ɗaya, ko suna wasan ƴar carafke: a nan da'irar kawuna da hannuwa ita ce hoton.

Goyo kuma nasa daban. Yaron yana sama, amma fuskarsa tana manne da bayan uwa. Daga gaba ƙafafu biyu kawai ake gani, daga baya ƙeya. A tsaya a gefe, ɗan baya kaɗan, a sauko da waya daidai kafaɗar uwar, ita kuma ta waiwayo. Fuska biyu, ɗaya bisa ɗaya.

Sai ɗauka daga ƙasa, wadda ita ce ta fi ba ni nishaɗi. Da yamma in yara suka fito kokowa cikin rairayi, kowa na kwaikwayon gwanin da yake so ya ɗauki takobi, kyautar zakaran kokowa (a nan Tawa aka fara gasar ta ƙasa a 1975, Kantu na Maraɗi ya lashe), in ka ɗauke su kana tsaye za ka ga ƴan ƙananan abubuwa biyu suna birgima a ƙasa. Kwantar da wayar kusa da rairayi, ka ɗan ɗaga idonta sama: sai su zama ƙarti, ƙurar da ƙafarsu ta tayar ta tashi cikin hasken yamma, kawunansu su fita fes a sararin sama. Haka ga mai tsalle, da mai tura gare-gare, da wanda aka ɗora bisa jaki. Abu biyu ake kiyayewa. Na farko, sama ta fi fuska haske nesa ba kusa ba, kamara kuma takan bi mafi rinjaye, sai fuskar ta yi duhu. A taɓa fuskar yaron a jikin waya, a ja ɗan alamar rana sama kaɗan. Na biyu kuma na mutunci ne: yarinya mai gajeriyar riga, ko yaron da ba wando, ba a ɗaukarsu daga ƙasa, kuma in an ɗauka bisa kuskure a goge.

Tun da an ambaci haske, ba ya rabuwa da wannan magana, don inda ka tsaya shi ke yanke inda haske zai faɗo. Tawa tana ƙasa kaɗan da digiri 15 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka rana tana bi ta tsakar kanmu sak sau biyu a shekara, wajen farkon Mayu da wajen tsakiyar Agusta, kuma ko a sauran watanni tana yin sama sosai da tsakar rana, wanda a agogonmu yake faɗowa wajen ɗaya saura. A lokacin goshi da hula suna jefa inuwa cikin idanu, yaro kuma ya runtse. Abin haushi, lokacin ne ake gama yi wa yara kwalliyar salla kowa ya zaro waya. A kai su inuwa: bakin zaure ta ciki, ko ƙarƙashin rumfa, fuskarsu tana kallon waje, mai ɗauka ya ba wa hasken baya. Rairayin waje mai haske yana mayar da haske sama cikin fuska kyauta, kuma in ka sauko daidai ido za ka ga ɗan ɗigon haske cikin ƙwayar idon yaron, wanda shi ke sa hoto ya yi rai. Inuwar itacen dogon yaro tana da daɗin zama amma tana yayyafa wa fuska dabbare-dabbaren rana, a duba kafin a danna. Lokacin da ba a neman wata dabara shi ne bayan la'asar sakaliya, da kuma kwanakin hunturu da hazo ya tace rana. Sai dai hazon nan ƙura ne, yana zama bisa idon kamara, ga maiƙon yatsun yaran da suka gama wasa da wayar. A goge da gefen riga mai laushi kafin a fara. Da yawa cikin hotunan da ake cewa waya ta tsufa, datti ne.

Farar shadda bisa baƙar fata ma tana rikita kamara, ta duhunta fuska don ta ceci farin. Kamfanin Transsion na Sin, mai Tecno da Itel da Infinix, ya yi suna da daidaita kamarorinsa da fatarmu, kuma an ga amfanin haka. Amma wayoyi da yawa suna zuwa da tsarin gyaran fuska a kunne, mai goge fata yana haskaka ta. A kashe shi in yara za a ɗauka. Fatar yaro ba ta neman gyara, kuma uban da ke nesa ɗansa yake son gani. Tsarin Portrait kuma, mai dusashe baya, ƙirƙira yake yi, yakan ci gefen kunne ko duwatsun kitso, kuma yana son wanda ya tsaya cak.

Tsayawa cak kuwa ba halin yaro ba ne. Kamara ma ƙifta ido take yi, kuma tsawon ƙiftawar ya danganta da haske. Don a kama yaro mai motsi ana son ƙiftawar ta kai kashi ɗaya cikin 250 na daƙiƙa, mai gudu kuwa ɗaya cikin 500. A cikin ɗaki da dare waya takan sauko har ɗaya cikin 30 ko ƙasa da haka, shi ya sa hannu da fuska ke narkewa. Fitilar waya ba ta cika magance wannan ba, firgita yaro take yi ta kuma baje fuska. Mafita ita ce a fita inda haske yake, a zauna a inda yaron zai biyo maimakon a bi shi da gudu, a ɗauka a jere. Wasu wayoyin riƙe maɓalli ake yi, wasu jan sa ake yi gefe ko ƙasa, su zubo hotuna goma ko ashirin a zaɓi ɗaya. Sauran a goge su nan take, kafin waya ta fara kukan cika.

Akwai abin da ke damuna wanda ya wuce kyan hoto. Ku duba yadda ake ɗaukar almajirai da yaran ƙauye in ana neman taimako da sunansu: kusan kullum daga sama, yaro ya ɗaga kai, idanu sun yi girma, jiki ya ƙanƙance, ƙasa ta kewaye shi. Wannan tsayuwar da kanta tana cewa ga abin tausayi, ko da yaron wasa yake yi kafin a tsayar da shi. Yaron nan dai, in aka sauko daidai idonsa, sai ka ga mutum mai wayo da ra'ayi, wani lokaci ma yana maka kallon raini. Ba na cewa duk masu yi da gangan suke yi. Yawanci dai tsaye suke, ba su yi tunanin zama ba. Kuma ɗan wani, ko daga sama ko daga ƙasa, ba a ɗaukarsa a watsa a Facebook ba da sanin iyayensa ko malaminsa ba. Iyayenmu da ke ɓoye jariri don tsoron baki, nasu dalilin daban, amma taka-tsantsan ɗin bai tsufa ba.

Ranar nan dai da la'asar muka sake ɗaukar ɗan ƙanwata. Na sa ta zauna bisa ƴar kujerar da take tuƙa tuwo, taku huɗu daga ƙofar ɗakinta, ta dafa gwiwar hannu bisa cinya don kada wayar ta yi rawa, ta danna 2x. Kakarsa ta zauna a bayanta tana ce masa angon da bai kawo cefane ba. Hoto na shida ko na bakwai ne ya yi. Uban bai turo murya ba wannan karon, kira ya yi, ya ce ashe yaron har ya kusa kai sakatar ƙofa, kuma daga yau duk salla a ɗauka masa a wannan wurin, daga bisa wannan kujerar, don ya riƙa gwadawa. Ƙanwata ta kafa ɗan dutse a inda ƙafar kujerar take zama. Bana da aka ɗauka, kansa ya wuce sakatar da yatsa uku, kuma shi ya ɗauko kujerar da kansa.